Wasiƙa zuwa ga ɗana da ke makarantar kwana a Jos

Assalamu alaikum, Babana.

Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, kai da malamanka da abokan karatunka. Mu nan Abuja lafiya lau. Ummanka ta dawo daga ziyara, ta faɗa mini kukan da ka kai mata: wai tun ƙarfe huɗu ake tashinku, ga hunturun Jos, ruwan alwala kamar ƙanƙara, kuma malam ya hana ka ƙarin karatu don ka yi tuntuɓe sau uku a tilawa. Da maganar nan na kwana.

Sanyin nan na san shi, domin a unguwar Gangare ta Jos na yi makarantar allo. Abin da ban lura da shi ba sai da na girma shi ne, kafin malam ya ƙwanƙwasa ƙofarmu ya riga ya yi alwala da ruwan nan da muke gudu. Har yau ina ganin dunduniyarsa, duk faso, yana tsugune yana hura mana wuta mu ga allo. Ban tuna ranar da ya zaunar da mu ya yi mana wa'azin amana ba. Amma idan aka kawo sadakar ƙosai, a gabanmu yake ƙirgawa ya raba, na ƙarshe ya miƙa wa ƙaraminmu, ya goge hannunsa bai kai ko ɗaya baki ba. Duk ranar da kuɗin wani ya shigo hannuna a wurin aiki, hannun nan nasa nake tunawa. Saboda haka ka sa wa malaminka ido, ka ga yadda yake shiga sahu da yadda yake amsa sallamar yaro.

Batun hana ka wucewa kuwa, gata ya yi maka. Izu sittin ba a tara su da gaggawa. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya gaya mana Alƙur'ani ya fi raƙumi saurin kuɓucewa daga dabaibayi. Mu a lokacinmu ba ka wanke allo sai ka biya babu gyara. Ka duba Ahalarin da kuke karantawa ma, kafin a kai ka babin tsarki sai da aka fara da gyaran imani da tuba da kiyaye harshe. Sai an gama shi ake hawa Ishmawi da Iziyya, kafin Risala. Shara da wankin kwanonka da bin layin abinci, su ma cikin karatun suke.

Sai dai ka ji wannan da kyau. Horo daban, zalunci daban. Idan wani, malami ne ko babban ɗalibi, ya doke ka har ya ji maka ciwo, ko ya ƙwace abincinka, ko ya neme ka da abin da kake jin kunyar faɗa, kada ka yi shiru da sunan ladabi. Ka gaya wa shugaban makaranta, ka sa a kira ni, a ranar zan kamo hanya.

Kawunka zai zo ranar Asabar da rigar sanyi biyu, safa, man shafawa da ƙuli-ƙulin Ummanka. Ka ɗiba wa yaron nan na gefen gadonka da ta ce ba a zo masa ziyara ba. Ka gaishe mini da malam, ka ce ina godiya.

Allah ya yi maka albarka, ya buɗa maka ƙirji.

Mahaifinka.