Kafin a Goge Kwamfuta Saboda Imel Ya Ƙi Aiki

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka sammini fili in yi magana da shugabannin makarantu, masu ofisoshi da 'yan kasuwa da ke aiki da kwamfutar tebur, sannan da 'yan uwana masu gyara. Sana'ata ke nan, ina da ɗan shago a Zariya, kuma yawancin kiran da nake samu daga ofisoshi bai wuce "Malam, imel ɗinmu ya tsaya" ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a tsakaninmu. Da zarar imel ya ƙi shiga ko ya ƙi fita, sai mai gyara ya ce bairos ne, a yi fomatin, wato a goge komai a sake loda Windows. Mai ofis bai san komai a kai ba, ya biya, a ɗauki kwamfuta a tafi da ita. A iya abin da na gani a wannan aiki, da wuya fomatin ya zama maganin matsalar imel, amma ɓarnar da yake yi ba ta gyaruwa.

Akwai wata makarantar kuɗi da aka kira ni bayan an riga an yi aika-aikar. Suna da adireshin imel mai sunan makarantarsu, sakatariya tana buɗe shi a manhajar Outlook shekara da shekaru. Wata safiya manhajar ta fara jefo gargaɗi a kan takardar shaidar tsaro, saƙo ya daina shigowa. Wanda suka fara kira ya goge kwamfutar, ya dawo da ita fes, ya karɓi kuɗinsa. Aka kunna, gargaɗin na nan daram. Da na zauna a gabanta, idona ya kai kusurwar ƙasa ta hannun dama inda agogo yake, sai na ga kwanan watan ya koma baya da shekaru masu yawa. Na kwance murfin akwatin, na ɓalle wani ɗan batiri mai kama da kwabo da ke manne a jikin babban allon, na sa sabo, na gyara kwanan wata, saƙonni suka fara zubowa. Amma wasiƙun da suka yi da iyayen yara da ma'aikatar ilimi, da rasiɗan da masu kawo littattafai suka turo, duk sun tafi. Baiwar Allah nan ta zauna ta yi tagumi, don ita za a tambaya, alhali ba laifinta ba ne. Wannan shi ne gyaran gangar Auzinawa.

Batirin nan lambarsa CR2032, kuma shi ke riƙe agogon kwamfuta idan babu wuta. Yawancin kwamfutocin da ke ofisoshinmu na hannu ne, sun sha aiki a ƙasashen waje kafin su iso Legas ko Kano, batirinsu ya riga ya gaji. Ga kuma ɗauke wuta ba dare ba rana. Duk kamfanin imel yana da takardar shaida mai ranar farawa da ranar ƙarewa, kuma kwamfuta da agogonta take auna ta. Idan agogon ya koma baya, sai ta ga kamar takardar ba ta fara aiki ba, ta ƙi yarda da ita. Fomatin ba ya taɓa wannan batiri ko kaɗan.

Me ya sa wasiƙun suka ɓace? Hanya biyu ce manhaja ke karɓo saƙo daga babbar kwamfutar kamfanin imel, wadda muke kira saba. Ɗaya sunanta POP, ɗayar IMAP. POP kamar mutum ne ya je akwatin gidan waya ya kwashe wasiƙunsa ya kai gida: in gidan ya ƙone, babu kwafi a ko'ina. Tsohuwar Outlook tana sauko da saƙo ta share shi daga saba nan take, sababbin kuma sukan bar kwafi na kwana 14 sannan su share, sai fa in an canza wannan tsari da hannu. Wasiƙun da kai ka aika kuwa sau da yawa a kwamfutar kaɗai suke zama. IMAP tana barin komai a saba, kwamfuta da waya suna ganin abu ɗaya, ko an sace kwamfutar wasiƙu suna nan. Duk wanda zai saita imel a ofis yau, IMAP ya kamata ya zaɓa. Wanda kuma aka daɗe da saita masa, ya sa a duba masa yau ɗin nan a gaya masa wacce yake kai.

Gwajin farko ba ya cin ko sisi. Ka rufe Outlook, ka buɗe burauza, Chrome ko Firefox, ka shiga shafin imel ɗin kai tsaye da adireshi da kalmar sirri. In ya buɗe ka ga saƙonninka, to akwatinka lafiya lau yake, matsalar tana tsakanin manhajar da saba. In kuma ya ƙi buɗewa a can ma alhali agogon kwamfutar daidai yake, matsalar ta asusun ce ko ta intanet, kuma ko sabuwar kwamfuta ka sayo haka za ta yi. Sakatare ma zai iya wannan kafin a kira kowa.

Matsalar da ta fi wahalar da mutane a 'yan shekarun nan ita ce ta kalmar sirri. Ka rubuta ta daidai, akwatin ya sake fitowa, ka sake rubutawa, ya sake fitowa, har mutum ya fara zargin an yi masa kutse ko abokin aiki ya canza ta. Gaskiyar magana, kamfanonin ne suka rufe tsohuwar ƙofa. Yahoo ya daina karɓar kalmar sirri kai tsaye daga tsofaffin manhajoji a 2020, Google ya bi sahu ranar 30 ga Mayu 2022, Microsoft kuma ya yi haka ga masu Hotmail da Outlook.com a watan Satumba 2024. Sun yi ne don tsaro, kuma ni ban ga laifinsu ba, don satar kalmar sirri ta yi yawa. Sai dai sanarwar da Turanci ta zo, a cikin akwatin da mutane ba sa karantawa, kuma ofisoshinmu cike suke da Outlook na 2007 da 2010 waɗanda ba su san sabuwar hanyar ba.

Ga mai Gmail, mafita ita ce ya kunna tabbatarwa mai mataki biyu a asusunsa na Google, wato wadda ake turo lamba a waya. Daga nan zai iya ƙirƙirar kalmar sirri ta musamman don manhaja, mai haruffa 16, ita zai zuba wa Outlook a madadin wadda ya saba. Yahoo ma yana da irinta. Na Microsoft kuwa sai dai a koma manhajar da ta san sabuwar hanyar shiga. Ni Thunderbird nake ɗora wa mutane. Kyauta ce, ba sai an nemo ta bayan fage ba, kuma da ka ba ta adireshi takan nemo sauran saitin da kanta, ta buɗe maka shafin kamfanin ka shiga. Masu Windows 7 su sani Microsoft ya janye hannu daga kanta tun Janairun 2020, Windows 10 ma wa'adinta ya cika a Oktoban 2025, kuma Thunderbird 115 ita ce ta ƙarshe da ke hawa kan Windows 7. Na san halin da ake ciki, ba kowane ofis ke da kuɗin sabuwar kwamfuta ba. Amma wanda ke aika takardun kuɗi da sakamakon jarabawa ta irin wannan tsohuwar na'ura ya kamata ya sa sauya ta a lissafinsa.

Idan saitin hannu ya kama, lambobin ba su da yawa. Mashigar IMAP 993 ce, ta POP 995, ta aikawa kuma, wato SMTP, 465 ko 587, duka da tsaro a kunne. Sunan sabar Gmail ta karɓa imap.gmail.com, ta aikawa smtp.gmail.com. Sau da yawa za ka tarar saƙo yana shigowa amma ba ya fita. A nan abu biyu nake fara dubawa: ko an bar lambar aikawa a kan 25, wadda kamfanonin intanet da yawa ke toshewa saboda masu watsa saƙonnin banza, ko kuma an manta a sa alamar da ke cewa sabar aikawa ma tana buƙatar suna da kalmar sirri. A wurin suna kuma cikakken adireshi ake rubutawa, har da abin da ke bayan alamar @.

Wani lokaci saitin lafiya yake, kaya ne suka yi nauyi. Gmail ba ya ɗaukar abin da aka liƙa wa saƙo in ya wuce 25MB. Magatakarda ya yi sikanin fayil guda mai shafuka masu yawa, da launi, ya liƙa, ya danna aikawa. Saƙon ya maƙale a Outbox, manhaja tana ta fama da shi tana cinye data, na bayansa suna jira. Sai a danna Work Offline, a cire wannan saƙon, a mayar da manhajar kan layi, sauran su wuce. Takardar kuma a sake sikanin ta baƙi da fari, ko a raba ta kashi-kashi. Akwai kuma cikar rumbu. Google 15GB yake bayarwa kyauta, kuma Gmail da Drive da Photos duk daga nan suke ci. Na sha ganin mai gida ya sa adireshin ofis a wayarsa, wayar tana ta loda hotunan biki da bidiyon da ake turowa, har rumbu ya cika. Daga ranar saƙo ba ya shiga, ba ya fita, masu turowa suna ganin nasu yana dawo musu, a ofis kuwa ana zargin kwamfuta.

Ɗauke wuta ma yana da nasa rabon. Outlook yana tara wasiƙun POP a fayil guda mai ƙarewa da .pst, wanda a sababbin nau'o'in yake zama a cikin Documents, a jakar Outlook Files. In wuta ta yanke lokacin da manhajar ke rubutu a cikinsa, yakan lalace, Outlook ya ƙi buɗewa sam. Microsoft ya haɗo da wata ƙaramar manhajar gyara mai suna scanpst a cikin Office, kuma sau da yawa ita kaɗai ta isa. Ƙaramin UPS da zai riƙe kwamfuta na 'yan mintoci kafin a tada janareta ya fi arha a kan asarar wasiƙun shekara biyar. Fayil ɗin nan kuma shi ne abu na farko da ya wajaba a kwafa a filash kafin a taɓa komai, bayan an rufe Outlook.

Akwai abin da ya fi duk waɗannan ci mini rai, shi ne batun lambar waya. Ɗalibi zai zo kafe cike fom ɗin JAMB ko na NYSC, ba shi da imel, mai kafe ya buɗe masa cikin gaggawa, ya sa lambarsa shi mai kafen, ya rubuta kalmar sirri a ƙyallen takarda. Bayan wata shida takardar ta ɓace, ana buƙatar shiga, lambar tabbatarwa tana tafiya wayar wani da ƙila ya bar garin. A ofisoshi ma haka ne: ma'aikacin da ya buɗe adireshin ya sa layinsa, aka yi masa canjin wurin aiki ko aka rabu ba daɗi, ya tafi da makullin. Tun da aka fara haɗa layuka da lambar NIN a ƙarshen 2020, layuka da yawa sun rufe, kuma layin da ya daɗe a ajiye kamfani na iya sake sayar da shi ga wani. Duk mai adireshi ya shiga ya duba lambar wa ke ciki. Google yana ba da lambobin ko-ta-kwana guda 10 da za a iya bugawa a takarda, kowacce a yi amfani da ita sau ɗaya in babu waya. Shugaban makaranta ya buga su ya kulle a inda yake ajiye takardun fili da na banki. A kuma riƙa leƙa adireshin, domin tun Disamban 2023 Google ya fara aiki da ƙa'idar share asusun da ya shekara biyu ba a shiga ba.

'Yan uwana masu gyara, na san dalilin da ya sa ake saurin cewa a yi fomatin. Aiki ne da hannu ya saba, kuɗinsa sananne ne, kuma mai kaya ya fi sakin kuɗi in ya ga an ɗauki kwamfuta an tafi da ita, fiye da in ka zauna minti goma ka canza lamba ɗaya. Amma wasiƙun mutane amana ce a hannunmu. Ka gaya wa mai kaya gaskiyar abin da ka gani, ka faɗi kuɗin saninka ba tare da jin kunya ba. In har fomatin ya zama dole, ka tambaye shi imel ɗinsa POP ne ko IMAP, ka kwafe fayil ɗin a gabansa, ka tabbatar yana da kalmar sirrinsa da wayar da lamba za ta shigo kafin ka danna komai. Masu ofis su ma su daina raina kuɗin wanda ya gyara musu cikin ɗan lokaci.

Wanda kuma aka riga aka goge masa, ya kashe kwamfutar nan take, kada a ci gaba da loda mata manhajoji ko sauke fina-finai. A tsofaffin faifan ajiya masu juyawa, abin da aka goge yakan zauna har sai an rubuta wani a kansa, kuma akwai manhajojin da ke iya tono wani ɓangare in an cire faifan an haɗa shi da wata kwamfutar. Ya kuma tuntuɓi kamfanin da ke riƙe masa adireshin ya tambaya ko suna da kwafin ajiya, sannan ya roƙi waɗanda ya fi mu'amala da su su sake turo masa muhimman wasiƙun da ke hannunsu.

Na gode da wannan dama, Allah ya ƙara wa jaridar ɗaukaka.

Naku,
Mai gyaran kwamfuta,
Sabon Gari, Zariya.