A riƙa tunawa da ƙungiyar Can ta Jamus

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana kan wata ƙungiyar mawaƙa da ba a cika ambatonta ba, wato Can, wadda aka kafa a birnin Kolon na Jamus a 1968.

Biyu daga cikin waɗanda suka kafa ta, Irmin Schmidt da Holger Czukay, ɗaliban fitaccen mai tsara kiɗa ɗan Jamus, Karlheinz Stockhausen, ne. Salon ƙungiyar shi ne su shiga ɗakin ɗaukar sauti ba tare da waƙa a hannu ba, su yi ta kiɗa na sa'o'i, daga baya Czukay ya yanka tef ɗin ya harhaɗa. Mai gangarsu, Jaki Liebezeit, yakan riƙe bugu ɗaya na tsawon mintuna ba ya kuskure. Wannan ne ya fi kama ni, domin duk wanda ya tashi da jin kalangu ya san daɗin bugun da ake maimaitawa har ya shiga jiki.

A 1970 suka tsinci Damo Suzuki, ɗan Japan, yana waƙa a titi a birnin Munich, a daren kuma ya hau dandali tare da su. Da shi suka fitar da faifansu mai suna Tago Mago a 1971. Daga baya makaɗi ɗan Ghana, Rebop Kwaku Baah, ya shigo cikinsu.

Ƙungiyoyin mawaƙa na Birtaniya, Radiohead da The Fall, duk sun sha daga rijiyarsu. Liebezeit da Czukay sun mutu a 2017, Suzuki a 2024. Don Allah shafinku na nishaɗi ya ware musu mako ɗaya.

Naka,
Wani mai karatu daga Kano