Zuwa ga Umma, daga Alƙahira

Assalamu alaikum Umma, ina wuni, ya sanyi, ya ƙafar Baba. Na san kin yi ta kirana ranar Talata ban ɗauka ba, Yaya ya ce min har abincin dare kika kasa ci, dan Allah ki yi haƙuri ba wani abu ba ne, murya ce ta ɗauke min gaba ɗaya, ko na ɗauka ba abin da za ki ji sai huci, kuma na san halinki da kin ji ni a haka shikenan ke da barci kun raba gari. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta, a ba Yaya ya karanta miki a tsanake, har ƙarshe fa, kar ya tsallake ko layi ɗaya domin akwai maganar Auta a ciki.

Ni dai na ji sauƙi alhamdulillahi. Ciwon maƙogwaro ne da 'yar mura, kusan duk gidanmu mun yi shi. Janairu a nan sanyinsa ba irin hunturun Kano ba ne, da dare yakan sauka wajen digiri 9 ko 10, ɗakunan kuma tayil ne ko'ina ba abin ɗumama ɗaki, ga mu muna zaman karatu har ƙarfe uku saboda jarabawar zangon farko ta karatun likitancin nan. Kwana huɗu na yi ina haɗiyar yawu kamar ina haɗiyar ƙaya. Abin da ya fi tayar min da hankali shafawi, wato jarabawar baki da ake zama gaban malami yana tambaya kana amsawa, na ce yau in muryar nan ba ta dawo ba da me zan amsa. To ta dawo kafin ranar, na shiga na fito lafiya, saura takardu biyu.

Kuma wallahi Umma da abin da kika koya min na yi jinya. Ruwan ɗumi kofi ɗaya da gishiri rabin ƙaramin cokali, in kurkure maƙogwaro in zubar, sau huɗu ko biyar a yini. Sai na daka citta da kanumfari guda uku na tafasa, in ya ɗan huce in matse lemon tsami in zuba zuma, ina sha ina tuna ƙaramar tukunyar nan taki mai kunne ɗaya da kike dafa mana shi. Da dare in yi surace da ruwan zafi in lulluɓa da bargo. Farasitamol kawai na ƙara saboda ciwon kai. Akwai wani tsoho mai shagon kayan ƙamshi a ƙasan gidanmu, su attar suke ce musu, da ya ji muryata bai ma bari na gama magana ba ya auno min yansun, wani iri ne ƙanana mai ƙamshi da suke dafawa kamar shayi, duk Bamasaren da maƙogwaro ya dama shi yake sha, ya haɗa min da hulba ya ce in dafa in sa zuma. Zoɓo ma suna da shi, karkade suke cewa, da zafinsa suke sha lokacin sanyi.

To yanzu maganar Auta. Gwaggo ta yi min saƙon murya cewa sati guda kenan yana zazzaɓi ba ya iya haɗiya, wai Hajiya Kaka ta ce beli ne ya sauko a kira wanzami ya cire. Umma dan girman Allah kar a kai shi, kar kuma a kira wanzamin gida. Ba raina Hajiya nake ba, Allah ya sani, ita ta raine mu, amma abin nan shi nake karantawa yanzu haka, littafin yana buɗe a gabana. Belin nan kowa da shi aka haife shi, in maƙogwaro ya kumbura shi ma sai ya kumbura ya yi ja, shi ya sa ake ganin kamar shi ne ciwon, alhali ciwon yana wani wuri. In an yanke jini zai iya ƙin tsayawa, ga askar da ba a san wa aka yi wa aiki da ita ba kafin shi, ta nan ake ɗaukar ciwon hanta da cutar sarƙe haƙora, kuma bayan duk wannan wahalar ainihin ciwon yana nan daram.

Nawa ciwon da nashi ba ɗaya ba ne, kar ki ce ai ke ma da citta kika warke. Nawa ya zo da tari da majina, irin wannan yawanci da kansa yake tafiya cikin sati. Shi kuwa yadda Gwaggo ta kwatanta, zazzaɓi mai zafi, ba tari, wuya ya yi kaluluwa, wannan ya fi kama da wata ƙwayar cuta da ake kira sitireb, ta fi kama yara 'yan shekara 5 zuwa 15, Auta kuma shekararsa 9. Ki sa Yaya ya haska masa baki da fitilar waya ya ce aaa, a duba gefe da gefe ko akwai fari fari kamar mugunya. Ita wannan in ba a kashe ta da magani ba, bayan sati biyu ko uku sai yaro ya fara ciwon gaɓoɓi, daga nan ta taɓa zuciya, kuma in ta lalata ƙofofin zuciya abin har girma ne. Na ga wata yarinya a asibitin da muke zuwa koyon aiki, ba ta fi sa'ar Auta da yawa ba, hawa bene ɗaya sai ta tsaya tana haki, tun daga ciwon maƙogwaro abin ya faro. Tun da na ji saƙon Gwaggo fuskarta nake gani.

A kai shi Hasiya Bayero gobe da sassafe likita ya duba shi. In sun rubuta magani na kwana 10 ne to kwana 10 ɗin zai sha cif, ko da ya miƙe yana ƙwallo a rana ta uku, kar a ajiye sauran wai sai wani ya kamu. Kuma kar Yaya ya je kemis ya ce a haɗo masa ja da yalo, na san shi. In kuwa kika ga ya kasa haɗiye ko yawunsa, ko numfashi yana masa wuya, ko bakin ya ƙi buɗuwa, kar a jira gari ya waye. Kafin nan ki ba shi ruwan gishirin ya kurkure, kunu mai ɗumi ba mai zafi ba, da zuma cokali ɗaya. Amma jaririyar Anti kar a lasa mata zuma sai ta cika shekara, na faɗa a baya na ga kamar ba a ji ba.

Kuɗin da Baba ya ce zai turo min ƙarshen wata, a cire na asibitin da na magani daga ciki tukun, abin da ya rage a turo. Ni zan iya lallaɓawa. Kuɗin haya mun riga mun haɗa mun biya, iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar, ce kawai ke gabana ita ma da saura. Ki riƙe kuɗin a hannunki Umma ki biya da kanki, kar a ba kowa aike.

Kin ce a hoton da na turo na rame, to hijabin ne babba. Ina cin abinci sosai. Mu huɗu ne a gidan, ni da 'yar Katsina da 'yan Damagaram biyu, mun raba girki kowa da ranarta, lokacin jarabawa kuma ba mai son tsayuwa a kicin don haka abin da zai dahu da wuri muke yi. Da safe ful, wani wake ne manya da suke kwana suna dafawa, a siyo a leda a zuba mai da lemon tsami, ni ina barbaɗa yajinki a kai, a ci da burodinsu mai faɗi kamar gurasa, wannan zai riƙe mutum har la'asar. Akwai adas ja, wani ɗan mitsitsin wake ne, shi ko jiƙawa ba ya so, minti ashirin ya narke, in sa albasa da tumatir da tafarnuwa ya zama kamar fate, shi na yi ta sha da maƙogwaron ya hana ni cin mai tauri. Shinkafarsu gajera ce mai danƙo, ba ta daɗin dafa-duka amma a tuwo ba a magana, ko tuƙi ba ta so sosai. Lalo kuwa shi ne babbar miyarsu, mulukiyya, ana sai da shi yankakke a daskare, in watsa a tukunya da daddawa minti goma an gama. Ranar Lahadi muna dafa garau garau babbar tukunya da waken lubiya, irin namu ne sak mai baƙin ido, mu sa a firij ya kai mu kwana uku. Manja ne dai sai an je Hayyul Ashir wajen 'yan Afirka kuma da tsada, sai mu soya albasa a man gyaɗa. In abin ya ƙure Indomie da ƙwai, ita ma akwai ta a nan. Nama ba kullum ba, tun da suka karya darajar kuɗinsu a Maris 2024, dala ta tashi daga wajen fam 31 zuwa kusan 50, komai ya hau, amma ƙwai da wake ba su gagare mu ba, kar ki faɗa wa Baba wani abu daban.

Wani lokacin in na zuba abinci sai in tuna filin Baba da aka sayar saboda ni, sai abincin ya tsaya min. Shekara biyar ce karatun sannan biyu na koyon aiki, na ci uku saura kaɗan, kuma ban taɓa faɗuwa ko takarda ɗaya ba, ki faɗa wa masu cewa an kai mace waje an yi asarar kuɗi. Allah ya ba ni ikon share muku hawaye.

Kukata ta kusa ƙarewa, daddawa saura ƙulli biyu, yaji kuma 'yan Damagaram sun gama da shi. In ƙanin mijin Anti zai dawo kafin azumi, tunda farkon Maris 2025 ake sa ran kamawa, a ba shi kuka da daddawa da kuɓewa busasshiya da ɗan kilishi in ya samu, a ɗaure daddawar a leda uku saboda kayan mutane. Kanumfari da citta kar a wahala akwai su a nan.

Ki gaida Baba da jiki, ki gaida Hajiya Kaka ki lallaɓa ta, ki ce ni na roƙa, in ta ƙi a haɗa ni da ita a waya ranar Juma'a bayan na fito daga jarabawa zan mata bayani da bakina tunda muryar ta dawo. Yaya in ka gama karantawa ka ɗauki hoton maƙogwaron Auta da fitila ka turo min yau ɗin nan, gobe kuma ka turo hoton takardar da likita ya rubuta. Umma a sa ni a addu'a, takardar Alhamis ita ce mai wuyar.

'Yarki