Dalar Misra ba ta Fir'aunan Musa ba ce

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili in gyara wani zance da ni kaina na shekara talatin ina faɗa wa ɗalibai, wai Fir'aunan Annabi Musa ne ya gina dalar Misra. A watan jiya na raka yayana Alƙahira aikin ƙashin baya. Da jiki ya yi sauƙi sai ya ce, "Malam, kai dai je ka gano mana dalar Fir'auna, kada a tambaye mu a gida mu yi zuru."

Ni a zatona sai an yi tafiyar yini cikin rairayi kafin a isa. Ina! Muna cikin cunkoson motoci a Giza, tsakanin mai sayar da lemo da shagon gyaran waya, sai na hango wani abu ya tokare sama ta bayan benaye. Gari ya ci ya ci har ya zo gindinta. Ka juya gabas gidaje ne iya ganinka, ka juya yamma babu komai sai hamada.

Ina yaro na ga dalar gyada a Kano, kuma da wannan hoton na tafi. Da na tsaya a gindin babbar, ta sarki Kufu, sai na ji kunyar kwatancen. Dutse guda na layin ƙasa ya kai mini ƙirji, kuma duwatsu kusan miliyan 2.3 aka jera. Tsayinta na asali mita 146 ne, yanzu ya dawo wajen 138, don ƙoƙuwar ta tafi, an kuma kwashe farin dutsen da aka lulluɓe ta da shi an yi gine-gine a cikin birni. Ragowar irin lulluɓin yana nan a kan dalar sarki Kafra da ke kusa, kamar hula a kan tsoho. Na biya na shiga ciki, ina tafe a duƙe cikin wani siririn lungu mai zafi. Ɗakin sarkin babu zane babu rubutu, sai akwatin dutse wayam. Gwiwoyina sun kwana uku suna tuna mini.

To ga gyaran. Mu a nan mun ɗauka Fir'aunan da ya yi jayayya da Annabi Musa (AS) shi ya gina ta da gumin Bani Isra'ila, wasu ma su ce aikin aljanu ne. An gina dalar Kufu kimanin shekara 4,500 da suka wuce. Ramsis na Biyu kuwa, wanda mutane da yawa suke zaton shi ne Fir'aunan Musa, ya zo bayan haka da shekara kusan 1,300. A zamaninsa dalar ta riga ta zama kayan tarihi, sarakuna sun daina irin wannan kabari, sai a haƙa musu a cikin duwatsu can kudu wajen Luksor. Da na koma masauki na buɗe Suratul Ƙasas, aya ta 38, inda Fir'auna ya ce wa Hamana ya hura masa wuta a kan laka ya yi masa gini mai tsawo. Tubali ke nan. Abin da na shafa da hannuna dutse ne sassaƙaƙƙe. Batun aljanu kuma, tun 1990 aka tono kaburburan ma'aikatan a kusa da wurin, an kuma gano unguwarsu har da gidajen gasa burodi. 'Yan Adam ne masu jin yunwa irina.

Abul Haul, gunkin dutse mai jikin zaki da kan mutum, ya fi ƙanƙanta a ido bisa yadda hotuna suke nuna shi, ga hanci babu. Ban daɗe a wurinsa ba, saboda wani mai raƙumi ya riga ya ɓata mini rai. Mun yi ciniki, na hau, da na ce ya isa sai ya ce ai kuɗin hawa muka yi, na sauka daban. Bahaushe a kan raƙumi yana roƙon a durƙusar da shi! Na biya.

Birnin ma abin kallo ne, sai dai shi ba ya tsayawa a kalle shi. Mutum sama da miliyan 20, kowane direba hannunsa a kan ham, dare da rana. Na kasa tsallaka titi sai da na laɓe a gefen wata tsohuwa mai ɗauke da faifan gurasa, na bi ta sawu da ƙafa. Larabcin da na yi taƙama da shi tun zaure, da na yi wa mai shayi sai ya yi dariya ya ce "Sadaƙallahul azim." Su jimun ɗinsu "ga" ce, ƙafun kuma sun haɗiye ta. Na ci koshari, wato shinkafa da taliya da adas (wani irin ƙananan wake) da soyayyar albasa a kwano guda, abincin talaka mai riƙe ciki. Jirgin ƙasansu na ƙarƙashin ƙasa yana aiki tun 1987, har da taragon mata zalla, wanda na kusa faɗawa ciki ba don wani yaro ya ja mini riga ba.

Inda hankalina ya kwanta shi ne Azhar. An kafa birnin a 969, masallacin ya fara aiki a 972, kuma har yau ana zama a da'ira gaban malami. Ina cire takalmi na ji ana Hausa a bayana, yaranmu ne ɗalibai, ɗaya daga Zariya ɗaya daga Maraɗi. Su suka kai ni gidan tarihin da ke unguwar Fusɗaɗ, inda aka mayar da gawawwakin sarakuna da sarauniyoyi 22 a 2021. Na tsaya kan Ramsis. Ɗan tsoho ne siriri mai ƙugiyar hanci, da sauran gashi a ƙeya, mai gadi yana ce mana a yi shiru, a ajiye waya.

Tsofaffin ɗalibaina da suke karanta wannan jarida, abin da na gaya muku a aji game da mai dalar kuskure ne, ku yafe ni, ku kuma gyara wa 'ya'yanku. Yayana yana takawa yanzu da sanda, yana gode wa masu addu'a.

Wassalam.

Naku,
Tsohon malamin firamare,
Gusau.