Wani Lokaci Maganaɗisu Ne Ke Lanƙwasa Kiristal

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Na saurari shirinku na kimiyya a kan maganaɗisu, na kuma ƙaru sosai, sai dai akwai inda nake roƙon a gyara. An nuna kamar jerin atam a cikin kiristal kafaffen gini ne, maganaɗisu kuwa ɗan haya ne da ke zama yadda ya tarar da ɗaki. Ba kullum ba ne haka.

A wasu sinadarai, kowane atam tamkar ƙaramar allurar kamfas ne, kuma so yake ya juya wa maƙwabcinsa baya. Idan su biyu ne, ba matsala: ɗaya ya kalli sama, ɗaya ƙasa. To a jera uku a kusurwoyin alwatika. Na farko sama, na biyu ƙasa, na uku fa? Duk inda ya juya sai ya yi daidai da ɗayansu. Gaba kura, baya sayaki. Tun 1950 masanin fiziya Gregory Wannier ya nuna da lissafi cewa irin wannan jeri ba ya tsayawa kan tsari guda, komai sanyi.

Abin da ya fi burge ni shi ne sinadarin ZnCr2O4, haɗin zink da kuromiyom da oksijin. Atam ɗin kuromiyom a cikinsa zaune suke a kusurwoyin ƙananan dala masu fuska huɗu, kowace fuska alwatika. Bisa ƙarfin da suke ja-in-ja da shi, ya kamata su daidaita tun a wajen digiri 390 na Kelbin, zafin da ya wuce na tafasasshen ruwa. Ina! Haka suke ta jujjuyawa har sai sanyi ya kai kusan digiri 12.5 na Kelbin, wato dab da iyakar sanyi, wadda ita ce sifili a wannan ma'auni. A nan kiristal ɗin da kansa yake sakin jiki: ya ɗan motse ta gefe guda, wasu atam su matso kusa da juna fiye da sauran, ƙarfin da ke tsakaninsu ya rinjaya, allurai su samu alƙibla. Motsin ƙanƙane ne ƙwarai, sai da hasken eksire ko niyutiron ake gane shi, amma shi ya raba gardamar.

Akwai kuma masu taurin kai. Ma'adinin herbertsmithite, wanda aka samo a ƙasar Chile, an sanyaya shi ƙasa da digiri ɗaya na Kelbin amma allurainsa ba su daidaita ba, shi ya sa masana ke kyautata zaton shi ne irin yanayin da masanin fiziya Philip Anderson ya yi hasashe a 1973, inda allurai ba sa tsayawa kan alƙibla guda komai sanyi.

Don Allah a ware wa wannan batu shiri guda, a gayyato masanin fiziya, a kuma sa ɗalibai su zana alwatikar nan da hannunsu su gwada jera kibiyoyin.

Naku,
Mai sauraronku a kullum