Wasiƙa game da tsohon sukudireba mai murɗiya

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Saƙonka ya iso, kuma na yi farin ciki ƙwarai da jin cewa sukudireban marigayi Baba ya dawo hannunka. Irin wanda ake kira Yankee ne, mai sandar murɗiya da ke juya bakin da kanta idan ka tura. Kamfanin North Brothers na Filadalfiya a Amurka ya fara ƙera shi, sannan Stanley ya sayi kamfanin a 1946. Ka riƙe shi da kyau, don Allah.

Ka ce bakin ya ƙi fita. Kafin komai, ka saki sandar murɗiyar ta miƙe gaba ɗaya, kana tare ta da hannu, bakin yana kallon ƙasa. Akwai sifirin a ciki, kuma idan ka kwance zoben da ke kulle sandar ba shiri, da ƙarfi take harbowa. Ni ta taɓa wuce gefen idona, tun ranar ban sake wasa da ita ba. Sai ka sa maɓallin sauya juyi a tsakiya, inda sandar ba ta juyawa, ka ja zoben da ke riƙe bakin, ka zare. In tsatsa ta kama shi, ɗiga mai kaɗan ka bar shi ya kwana. Kada ka sa masa guduma.

Wajen sa sabo ne mutane suke kuskure. Dubi gindin bakin da kyau: an yanke rabinsa, sannan akwai ɗan tsagi a gefe. Ka ja zoben, ka tura shi, ka juya a hankali har ka ji ya faɗa gurbinsa, sannan ka saki zoben. Ja shi ka gani. Idan ya biyo hannunka, bai zauna ba.

Kauri ma ba ɗaya ba ne. Duba lambar da ke jikinsa: 130 yana cin gindi mai kusan milimita 7, 131 kuwa 8. Ana samun mahaɗi da ke ba ka damar amfani da bakunan zamani masu kusurwa shida.

Wajen aiki, fara huda ɗan rami, ka riƙe zoben gaba da hannun hagu, ka tura a miƙe. Baki mai faɗi yana saurin zamewa ya yagi katako, shi ya sa nake ƙarasa ɗaurin ƙarshe da sandar a kulle.

Ka rubuto mini lambar da ka gani, ina da bakuna biyu da zan aiko maka. A gaida yara.

Naka,
Amininka