Zuwa ga mutumina na Kumasi

Assalamu alaikum Bazazzage,

Ya gida ya iyali, ya madam da yaran, ya kasuwa? An ce ku can damina ta sauka tuni, mu nan Kano hadari sai ya haɗu da la'asar kamar gaske kafin magariba iska ta watsa shi, zafi kuwa ba a magana. Na san ka yi fushi, saƙon muryarka guda huɗu na nan tun kafin azumi, biyu ma sai shekaranjiya na saurara, wlh ba wulaƙanci ba ne, jiki ne ya sa ni gaba kuma ban so in yi maka magana da muryar da za ta tayar maka da hankali kana wata ƙasa. Ka tambaye ni batun Yaya Babba, wai shi ma yana son ya yi irin aikin tiyatar rage ƙiba da aka yi min tunda ya ga hotona a waya. To bari in zauna in rubuta maka a tsanake, don abin da hoto ya nuna masa kaɗan ne daga cikin labarin.

Wata biyar kenan da dawowata daga Alƙahira. Kilo 138 na tafi da shi, jiya na hau sikeli na ga 107, gwiwar nan da take hana ni zaman tahiya ta saki, minsharin da Maman yara take kuka da shi ya ragu sosai, allurar suga likita ya dakatar da ita saura ƙwaya ɗaya. Alhamdulillahi, kuma ban yi nadama ba ko kaɗan, ina so ka riƙe wannan kafin ka karanta sauran. Aikin da aka yi min shi ne wanda suke ce wa baifas, sun raba tumbin sun bar wani ɗan aljihu a sama wanda bai fi girman ƙwai ba sannan suka jawo ƙaramin hanji suka haɗa da shi, abinci ya daina bi ta sauran tumbin da farkon hanjin. Akwai wani kalar kuma da ake yanke kusan kashi 80 cikin ɗari na tumbin a fitar, a bar shi siriri kamar ayaba, wannan shi mutane suka fi yi, amma saboda ciwon suga da ƙwarnafin da nake fama da su likita ya ce wancan ya fi dacewa da ni.

Abin da ban taɓa kawowa a raina ba shi ne ruwa. Ruwa fa mutumina, ruwan sha. Kai ka san ni, in na dawo daga kasuwa fiyawata biyu nake fasawa a tsaye kafin in cire hula. Yanzu in na yi kurɓa uku a jere sai in ji kamar an ɗora min dutse a ƙirji, ta huɗun ta dawo. An ce in sha aƙalla lita ɗaya da rabi zuwa biyu kullum, wato fiyawata uku zuwa huɗu, amma da kaɗan kaɗan, kuma ba a haɗa shi da abinci, sai na tsaya minti 30 kafin ci sannan minti 30 bayan ci, don in ka kora da ruwa ko dai ya cika ɗan aljihun abinci ya rasa wuri ko ya wanke abincin ya tura shi hanji da sauri. Ka lissafa, mutumin da zai ci abinci sau biyar ko shida a rana ƙanana ƙanana, kowanne da awa guda da aka haramta masa ruwa a gefensa, nawa ya rage a yinin? Ga barci, ga kasuwa, ga kwastoma da zai tsaya yana taya yadi kamar zai sayi gida, kafin ka ankara azahar ta yi ba ka sha rabin leda ba. Lemon kwalba an hana saboda iskar da ke ciki, tsinken zuƙa an hana don shi ma iska yake turawa, shayi mai ƙarfi an ce in rage. Da hunturu ban ji komai ba, na ɗauka na iya, sai da watan Afrilu ya shigo rana ta fara haura digiri 40.

Ranar ɗaurin auren 'yar Goggo ne abin ya faru, Juma'a, bayan an sakko daga masallaci muka tsaya a rana ana gaisawa fiye da awa ɗaya, kuma tun safe ban sha abin kirki ba. Muka shiga cikin gida, Goggo da hannunta ta damo min fura da nono ta zuba suga da kankara, tana cewa wannan yaro sun mayar min da kai kamar wanda ya tashi daga jinya, sha ka ji ƙarfi. Ta ina zan ce wa Goggo a'a a gaban mutane, ga ƙishirwa ta kai min wuya. Ludayi biyar ko shida na yi. Ba a yi minti 20 ba gumi ya karyo min, zuciya na bugawa kamar za ta fito, jiri ya ɗebe ni, ciki ya murɗa, da ƙyar Auta ya kai ni banɗaki. Likitoci dampin suke ce masa, sun yi min bayaninsa tun a can amma ji daban gani daban. Abu mai zaƙi in ya faɗa hanji gaba ɗaya ba tare da tumbi ya riƙe shi ba sai ya janyo ruwa daga jini zuwa cikin hanjin, shi ne jirin da gudawar, wato mutumin da dama ruwan jikinsa ya yi ƙasa sai a ƙara kwashe na kwashewa. Akwai kuma na biyunsa da yake zuwa bayan awa ɗaya zuwa uku, jiki ya saki insulin da yawa suga ya faɗi ƙasa warwas, hannu na rawa ido na ganin duhu, shi ma na same shi a daren.

Kwana biyu ina amai, ko ruwa na kurɓa sai ya dawo, fitsari ya koma kalar shayin da ba madara kuma ɗan kaɗan, leɓe ya bushe, in na miƙe tsaye sai ƙasa ta juya. Ni kuma ina cewa a bari zuwa gobe, Maman yara ce ta ƙi, ta kira Auta suka sa ni a mota. Leda uku ta ƙarin ruwa aka yi min. Allah Ya haɗa ni da wani likita matashi, da ya ji irin aikin da aka yi min da kwanakin da na yi ina amai sai ya ce kar a sa min ruwa mai suga tukuna sai an fara yi min allurar bitamin B1, wai wanda aka yi wa aikin nan in ya daɗe yana amai B1 ɗinsa ƙarewa yake da wuri don jiki ba ya ajiye shi da yawa, in aka ɗura masa suga a haka yana iya taɓa ƙwaƙwalwa da ido da tafiya. Tun daga ranar takardar aikina tana cikin aljihun rigata duk inda zan je, kuma dan Allah ko Yaya Babba bai ji komai a wasiƙar nan ba ya ji wannan.

Kai ni fa ka tuna min, wace Hausa ce ka yi min a saƙon nan na uku? Shekara tara a Zango har ka fara jan magana irin tasu, Zazzau ta yi asara, dama can ba wata Hausar kirki kuka iya ba balle an haɗa da waakye, shinkafa da waken nan tasu ta Ghana. Na kunna wa 'yan majalisa, Ustazu ya yi dariya har da riƙe ciki ya ce a gaya maka ka dawo gida kafin yaranka su fara neman tafinta in sun zo gaida Inna. Dogo kuma zai ƙara aure bayan babbar sallah, eh Dogo dai, kuma ba wadda kake zato ba ce, ƙanwar mai kemis ɗin bakin layi ce. Uwargidan ta tafi gidansu kwana uku ta dawo, yanzu an ce ita ce ma take zaɓen kayan lefe. Mai shayinmu ya tashi daga gindin darbejiyar ya koma kusa da gidan mai, har yanzu in na wuce sai ya ɗaga min kofi, na ce masa ya daina zuba min madarar gwangwani, ruwan zafi da ɗan citta kawai.

To bayan na fito asibiti sai na canja tsari gaba ɗaya. Na sayi gora mai lita ɗaya da ke da zane a jiki, na raba yinin da salloli, daga asuba zuwa hantsi rabin lita, zuwa azahar wani rabin, zuwa la'asar, zuwa isha, kuma waya tana ƙara duk minti 15 in kurɓa ko ina jin ƙishirwa ko ba na ji, don in ka jira ƙishirwa ba za ka iya ramawa a lokaci ɗaya ba kamar da. Ruwan firij mai sanyi ƙarara yana ƙulle min ƙirji, na randa shi ya fi zama min, wani kuma an ce mai ɗumi ne yake karɓarsa, kowa da nasa. Ranar da baki ya ƙi ruwa zalla sai a jiƙa min zoɓo marar suga ko a matsa lemon tsami kaɗan, ranar da na yi gumi da yawa in haɗa ORS ɗin kemis in bi shi a hankali. Yaron shagona har ya saba, in ya ga na shagala da lissafi sai ya turo min gorar gabana bai ce komai ba.

Sai kuma ɗaya matsalar da ba a son faɗa a majalisa, bayan gida. Wani satin sai in kwana uku huɗu ban zaga ba, ciki ya cushe, ga maganin ƙarin jini da nake sha shi ma yana ɗaure ciki, ga abincin kaɗan ne ga ruwan kaɗan. Miyar kuɓewa da ta kuka da gwanda su suka taimake ni, da tafiya a ƙasa bayan asuba, ranar da abin ya ƙi likita ya rubuta min wani ruwan magani mai sassauta ciki. In kuma na ci abu mai maiƙo sai akasin haka, ga iska mai wari da kumburi. Madara da nake sha lafiya lau da, yanzu ciki ba ya son ta, amma kindirmo marar suga yana zama. Biredi da shinkafa da tuwon shinkafa tsayawa suke a ƙirji, tsire kuwa sau ɗaya na gwada yanka biyu na kwana ina yawu. An ce in samu furotin giram 60 zuwa 80 a rana kuma shi zan fara ci kafin komai, to ƙwai, kifi, alale, farfesun kaza da ya dahu ya yi laushi, da awara wadda da nake ce wa abincin 'yan makaranta, yanzu ita ce rufin asirina sai dai a dafa ta a miya ba a soya ba. Loma kamar ta yaro, a tauna ta har ta zama ruwa, faranti ɗan ƙarami sai in yi kusan rabin awa a kansa.

Magunguna kuma na har abada ne, wannan shi ne abin da nake tsoro game da Yaya Babba don ka san shi da wasa da magani. Bitamin kullum, kalsiyam da bitamin D, na ƙarin jini wanda ba a haɗa shi da kalsiyam sai an ba da tazarar awa biyu kuma ba a bin sa da shayi, allurar B12 duk wata uku, gwajin jini lokaci lokaci. Akwai wanda aka ba ni na wata shida don kar tsakuwa ta taru a matsarmama saboda saurin ramewa. Ibuprofen da diclofenac da duk danginsu an raba ni da su don suna kawo gyambo a wurin ɗinkin, shi kuma Yaya kamar gyaɗa yake watsa su saboda bayansa, ga taba da har yau bai bari ba, ita ma gyambon take kawowa.

Azumin bana ban yi ko ɗaya ba. Likita ya hana, ya ce wata biyu da aiki ba yadda za a yi in sha ruwan yini guda tsakanin magariba da asuba da wannan ɗan cikin, na je na samu Malam ya ce marar lafiya ramuwa ce a kansa in ya warke, kar in jefa kaina cikin halaka. Na sani, na kuma yarda, amma wlh mutumina ranar farko da aka kira magariba kowa ya miƙa hannu kan dabino sai da hawaye ya zubo min, tun ina shekara 12 ban taɓa shan azumi ba. A bayan kanta nake ɓuya in kurɓi ruwana don kar yaran kasuwa su gani. Ina sa ran in fara ramawa da hunturu in likita ya amince, ka sa ni a addu'a.

Yanzu babbar sallah ce a gabana, na riga na je na zauna da Goggo na yi mata bayani da kaina, na nuna mata ƙwai na ce kin ga girman cikina kenan, ta yi shiru ta ce to ai da ka faɗa tun farko, ta ce za ta dafa min hanta da romo daban ba mai ba yaji. Ka ce wa Yaya Babba ya kira ni da daddare bayan isha mu yi magana baki da baki, kuma ya zo da matarsa kusa da wayar don ita ce za ta ɗauki rabin wahalar. Inna ta ce in za ka aiko da gudummawar Dogo ka haɗo mata da goro fari, na bara da ka aiko ta ce duk ja ne. Ka gaida madam da yara, ka shafa min kan takwarana.

Naka,
Bakanon da ka sani